Yadda ake bin diddigin malam-buɗe-littafin dare da tsutsarsa a gandun dajin Baturiya (Jigawa) da na Falgore (Kano)

Aikin damina ne, daga Yuni zuwa Satumba. A zaɓi daren duhun wata wanda babu iska, musamman in an yi ruwa da rana. Da hunturu wahalar banza ce. A fara neman izinin ma'aikatan gandun daji, a tafi da ɗayansu, a kuma shaida wa mai unguwa, don fitila a daji da dare ba ta rasa jawo tambaya.

A ɗaure farin zanin gado tsakanin bishiyoyi biyu, a bar gefensa ya kwanta a ƙasa saboda masu faɗowa. Bayan magariba a rataya fitila mai caji a tsakiya. Irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita ta fi janyo su. Hangara ma za ta zo. Kada a murje ta a jiki, ruwanta na tayar da bororo. A sa rufaffen takalmi saboda kunama.

Kowanne a ɗauke shi hoto da rula a gefensa, a rubuta kwanan wata, lokaci da wurin. Manhajar iNaturalist na taimakawa wajen gano suna.

Tsutsa ta fi bukatar haƙuri, kuma a nan ilimin yake. Da safe a buɗe lema, a juya cikinta sama a ƙarƙashin reshe, a bugi reshen da sanda don tsutsotsin su faɗo ciki. Gizaka ba a taɓa ta da hannu, gashinta na sa ƙaiƙayi. Nan take a rubuta sunan bishiyar: kaɗanya ce, tsamiya ko bagaruwa? Yawancin tsutsotsin ganyen bishiyoyi ƙalilan suke ci, in aka canza musu sai su mutu da yunwa.

Don a rene su har su rikiɗa su zama malam-buɗe-littafi, a sa kowace a robarta, a rufe da yankin gidan sauro, a ajiye a inuwa. Murfin roba na tara gumi, tsutsar ta ruɓe. Kullum a sa sabon ganye, a zubar da kashin. A zuba ƙasa mai zurfin santimita 5, domin da yawa a ciki suke rikiɗa. A ɗora robar kan bulo cikin farantin ruwa, in ba haka ba cinnaka za su gama da ita.

Wani lokaci ƙuda ko ƙananan zanzaro ne za su fito maimakon malam. Sun yi ƙwai ne a jikin tsutsar tun tana daji. Su ma a ɗauke su hoto, a rubuta.