Koyon sana'a a Jamus: shekara uku kan ƙaramin albashi

Ɗan'uwa, da ka yi rajistar adireshinka cikin kwana 14 kamar yadda doka ta ce, takardunka kuma suka ba ka izinin aiki, za ka tarar da hanya biyu a gabanka. Ko ka shiga ɗaukar kaya a sito ka fara turo kuɗi gida, ko ka shiga Ausbildung, wato koyon sana'a wani ɓangare a wurin aiki, wani a makaranta.

Idan wata ɗaya ka duba, sito ya fi. A 2025 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya Yuro 12.82 ne, mai cikakken aiki zai haura Yuro 2,000 kafin a cire haraji. Mai koyon sana'a kuwa, mafi ƙarancin abin da doka ta yanka masa a shekarar farko, ga wanda ya fara a 2025, Yuro 682 ne a wata, ko da yake jinya da aikin masana'antu sun fi haka nesa ba kusa ba. Amma Jamus ƙasar takarda ce. Mai shaidar aikin lantarki ko jinya kamfanoni ne ke nemansa, mai aikin sito kuwa shi ake fara sallama idan kasuwa ta ja baya. Shawararmu ka zaɓi sana'ar, kuma ka gaya wa mutanen gida gaskiya tun farko cewa aike zai yi ƙaranci har kimanin shekara uku. Matsin lambar gida na iya fitar da mutum daga koyo.

Sau da yawa makarantar ce ke kayar da mutum. Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshen, zai iya shigar da kai, amma ranar da aka miƙo maka takardar jarrabawa cike da dogayen kalmomin sana'a za ka ga bai isa ba. Kada ka jira sai ka faɗi. Tun watan farko ka je Agentur für Arbeit, wato ofishin samar da aiki na gwamnati, ka nemi ƙarin darasi, kyauta ne ga wanda ya cancanta.

Watannin gwaji a yawancin sana'o'i ba su wuce huɗu, a jinya kuwa shida ne, a cikinsu ana iya sallamarka ba tare da an faɗi dalili ba. Ƙarfe bakwai a wurinsu ƙarfe bakwai ne. Idan ba ka da lafiya, kira wurin aikinka da safe kafin lokacin fara aiki. Maganar sallar Juma'a ma ka yi ta da maigidanka a fili, kada ka riƙa sulalewa.

Sai littafin rahoto, Berichtsheft. Duk mako ka rubuta abin da ka koya, mai koyar da kai ya sa hannu. Wanda ya bari ya taru ana iya hana shi zama jarrabawar ƙarshe.

Idan zama ya gagara da maigida, kada ka ajiye aiki cikin fushi, musamman idan izinin zamanka a kan koyon ya rataya. Nemi mai ba da shawara a IHK (majalisar masana'antu da kasuwanci) ko Handwerkskammer (majalisar sana'o'in hannu), ka samu sabon wuri tukuna. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe kuma yana da damar maimaita ta har sau biyu a yawancin sana'o'i, a jinya kuwa sau ɗaya.