Kurakuran Da Ake Yawan Yi Wajen Renon Kaktus Mai Zanko A Katsina

Kaktus, wato tsiron nan mai ƙaya da ke adana ruwa a jikinsa, bisa al'ada yana girma ne daga ido ɗaya da ke tsakiyar kansa, amma a wasu ƙalilan wannan idon kan miƙe ya zama layi, sai jikin ya riƙa faɗi yana nannaɗewa kamar zankon zakara. Masana tsirrai suna liƙa wa sunan irin wannan kalmar cristata. Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai Mammillaria elongata da Myrtillocactus geometrizans, dukkansu 'yan asalin Meziko, sai kuma Euphorbia lactea ta nahiyar Asiya, wadda ake kira kaktus alhali kuwa dangin aguwa da tinya ce. Da yawa daga cikin asarar da ake tafkawa wajen renonsu daga lungunan nan na zankon take farawa, domin a nan ruwa da ƙura da ƙwari suke maƙalewa.

Babban kuskure shi ne yawan ban ruwa, kuma yawanci ƙauna ce ke jawo shi, domin mai gida yana zuba wa fulawowinsa ruwa safe da yamma, sai ya ga bai dace ya tsallake wannan ba. Mafi muni shi ne kwara ruwan ta kai, inda zai kwanta a cikin lanƙwasar, bayan 'yan kwanaki wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, ya fara wari. Abin da ya kamata shi ne a zuba ruwan a kan ƙasa ta gefen tukunya har ya fita ta ƙasa, sannan kada a sake sai an soka tsinke har gindi an zaro shi a bushe. A bazara hakan kan zo da wuri, a cikin sanyin Disamba da Janairu kuwa yana iya ɗaukar makonni uku ko fiye. Da damina, musamman a watan Agusta, barinsa a tsakar gida ko kusa da indararo daidai yake da yanke masa hukunci, don haka a shigar da shi baranda inda iska ke ratsawa. Idan ruɓewa ta riga ta kama, a yanke wurin da sabuwar reza har sai an tarar da tsoka mai tsabta, a bar ciwon ya bushe a inuwa.

Ƙasar shuka ma tana da nata laifin. Laka da takin shanu, waɗanda ke yi wa tumatir da albasa daɗi, suna riƙe laima fiye da abin da saiwarsa za ta iya jurewa. Yashin gulbi mai kauri, da ƙananan tsakuwa ko dakakken jan bulo, da 'yar ƙasar lambu da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sun wadatar. Ni dai na fi son tukunyar ƙasa mai huji a gindi a kan ta roba, saboda tana shan iska, kuma ba ta dafa saiwa idan rana ta take.

Akwai masu cewa ai tsiron hamada ne, rana ba ta yi masa komai. Wannan magana ba ta yi la'akari da ranar Afrilu a Katsina ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, balle ga tsiron da ya taso a ƙarƙashin rumfar mai sayarwa. Ƙunar rana tana barin farin tabo ko ruwan ƙasa wanda ba ya gogewa har abada, kuma masu launin fari da ruwan hoda sun fi saurin ƙonewa. Hantsi ya ishe shi, daga azahar kuma sai inuwa. Cikin ɗaki mai duhu shi ma ba wurinsa ba ne.

Ƙurar hunturu kan cika lungunan, ta ɓoye wasu fararen ƙwari masu kama da burbushin auduga da ke tsotse ruwan jikinsa. A share ƙurar da busasshen burushi mai laushi, ƙwarin kuma a dangwale su da audugar da aka jiƙa da sifirit.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne murna da sabon reshe. Wani lokaci zankon kan fitar da miƙaƙƙen reshe irin na asali, idan kuma ɗan aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro, gindin da ke ɗauke da shi kan yi toho. Waɗannan sun fi zankon ƙarfin girma, kuma idan aka ƙyale su za su janye abincin su bar shi a tsumbure, saboda haka a cire su tun suna ƙanana. Mai yanka Euphorbia lactea ya sa safar hannu, ya kuma nisanta yara, domin farin ƙaronta yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa a wanke da ruwa mai yawa a garzaya asibiti. Wanda yake son ya yaɗa irin kada ya dogara da ƙwaya, domin ba lallai ba ne ta fito da zanko. Ya yanko ɓangaren zankon, ya ajiye shi a inuwa mako ɗaya zuwa biyu har bakin ya ƙafe, sannan ya dasa a busasshen yashi, ya jinkirta ruwan farko da mako guda.