Yadda matashi zai haɗa natsuwa da motsa jiki a Jos

Matasa da yawa kan fara gudun safe da zumuɗi, kafin mako biyu takalmin ya koma ƙarƙashin gado. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne jiki na kan titi, hankali kuma yana wajen kuɗin makaranta ko saƙon WhatsApp. Wanda ba ya sauraron jikinsa, ko ya ƙure shi har ya ji ciwo, ko abin ya gundure shi ya watsar.

Natsuwar da muke nufi ita ce halartar da hankali kan abin da jiki ke yi a daidai lokacin: numfashi, taku, ɗumin tsoka. Duk wanda ya taɓa kokawa da zuciyarsa a cikin ibada ya san irin aikin. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara shirin mako takwas na rage damuwa ta wannan hanya a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, kuma tafiya cikin natsuwa na cikin darussansa.

Fara da zaɓen wuri da lokaci. Bayan asuba ya fi, kafin Keke Napep su cika hanya. Filin wasa na Rwang Pam ko titunan Rayfield sun wadatar. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma sanyin hunturun Disamba da Janairu kan ɗaure tsoka, don haka a ɗumama jiki da tafiya ta minti 5 zuwa 10. Mai asma ya guji ranar da ƙura ta yi yawa.

Kafin ka ɗaga ƙafa, cire abin sauraro daga kunne, waya ta shiga aljihu. Tsaya cak. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, sau goma. Tsawaita fitar da numfashi na sassauta bugun zuciya.

Yanzu sai ainihin aikin. Ɗaura numfashi a kan taku: taku uku kana shaƙa, taku uku kana fitarwa. Ba za ka yi minti ɗaya ba hankali zai sulale, ka tsinci kanka kana lissafin bashi ko tuna wata magana da ta ɓata maka rai. Kada ka zargi kanka. Lura cewa ya tafi, ka dawo da shi kan taku, ko da sau hamsin ne. Wannan dawowar ita ce horon, kamar yadda ɗaga ƙarfe yake horon damtse. Kowane minti biyar kuma ka bi jikinka daga ƙasa zuwa sama: tafin ƙafa na sauka a hankali ko yana dukan ƙasa? Kafaɗu sun haye har kusa da kunne? Haƙora a cije, hannu a dunƙule? Saki su duka. Mutane da dama ba su san suna gudu a ɗaure ba sai wuya ya riƙe su da yamma.

A nan ne za ka koyi bambanta zafi da ciwo. Ɗumi da nauyin tsoka ba komai. Suka a gwiwa ko a ƙashin ƙwauri na nufin ka dakata. Ciwon ƙirji, jiri ko gani dishi-dishi kuwa, tsaya nan take ka nemi likita.

Don auna ƙarfi, idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai. Ko ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugun daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ɗan shekara 25 na buƙatar kusan bugu 100 zuwa 135 a minti ɗaya a matsakaicin motsi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Sabon shiga ya fara da minti 15 sau uku a mako, yana ƙara minti biyar duk mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai waɗanda sa ido kan numfashi ke ƙara musu fargaba, ƙirji ya cushe. Idan haka ta faru, mayar da hankali kan tafin ƙafa ko kan sautukan da ke kewaye. Natsuwa kuma ba rufe ido ba ce: a bakin titi ka fuskanci motocin da ke tahowa.

Rufe da tafiya a hankali ta minti uku, ka sha ruwa ko da sanyi ya hana ka jin ƙishi. A watan azumi, mayar da lokacin zuwa bayan tarawihi, ko tafiya mara nauyi rabin awa kafin buɗa-baki.