Yadda Nake Ƙawata Akushin Inji da Tawada da Fenti

Akushin da aka fitar da injin juya itace daban yake da na masassaƙa. Na gizago, baƙin wuta da man kaɗe sun ishe shi ado. Na inji kuwa sumul yake, zagayensa daidai, don haka yana karɓar layi da launi yadda ake so, amma duk inda hannu ya karkace sai kowa ya gani. Abin da nake fara gaya wa yaran shagona a Tudun Wada shi ne kada wanda ya buɗe kwalbar tawada sai itacen ya gama shiri.

A 'Yan Katako na Sabon Gari, malaina da maɗaci na fi saya. Malaina fari ne, kowane launi yana haskawa a kansa. Maɗaci ja ne, baƙi da ruwan gwal suka fi yi masa kyau. Ko wanne ne, ya zama busasshe, domin ɗanyen itace hunturu na kama shi zai tsage, ya tafi da adon gaba ɗaya. A goge da samfefa mai lamba 120, sai 180, 240, a ƙare da 320, da takunkumi a hanci saboda ƙurar maɗaci tana sa tari. Daga nan a shafa jiƙaƙƙen tsumma, gashin itacen zai miƙe, idan ya bushe a sake bi da 320.

Ga inda aikin yake. Galibi akushi yana da ɓangare biyu inda jijiyoyin itace suka yanke. Nan ne tawada take nutsewa, ta bi jijiya ta yi nashe-nashe, siririn layi ya koma tabo. Maganinsa sandin sila irin ta kafintoci, wato ruwan da ake shafa wa itace ya toshe ƙofofinsa, shafi biyu marasa kauri, a ɗan goge a tsakaninsu. Sannan ina yi wa wurin adon iyaka: in tsaga siririn layi da bakin ƙarfe, in ɗora waya a ciki inji yana juyawa har gogayya ta ƙona wurin ya yi baƙi. Launi ba ya tsallake wannan layin da sauƙi. Wayar dai a ɗaura mata mariƙin itace a kowane gefe, kada a kuskura a naɗe ta a yatsa.

Baƙin da na fi so shi kaɗai ne ba ya son sila, tsirarar itace yake buƙata. A jiƙa bagaruwa a ruwan zafi, a tace, a shafe bayan akushin. Idan ya sha iska, a bi shi da ruwan khal da tsofaffin ƙusoshi suka kwana biyu a ciki. Ƙarfen na haɗuwa da sinadarin bagaruwa sai wurin ya rine nan take, kuma baƙin a cikin itacen yake, zanen jijiyoyi bai ɓuya ba. Dabarar dukawa ce, da irinta suke baƙanta fata. Kwalbar ruwan khal ɗin kada a toshe ta gam, tana fitar da iska.

Tawadar allo tana zana layi mai kyau da alƙalamin gamba, musamman ga wanda hannunsa ya faɗa da zayyana. Sai dai an haɗa ta da ƙaro ne don a iya wankewa, ko gumin hannu yana ɗaga ta. In da hali, gara tawadar zane wadda ruwa ba ya wankewa, irin da ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello suke nema a Samaru. Akwai kuma masu launi da ake haɗawa da sifirit. Su ba a zane da su, ɗigawa ake yi a kan sila, a hura da tsinken shan lemo, launin ya bazu. In ka ɗiga tsurar sifirit a tsakiya sai ya ture launin gefe ya bar zobe. Aibinsu ɗaya, rana tana koɗar da su, ba na akushin da zai zauna bakin taga ba ne.

Fenti kuma, na ruwa irin na masu zane nake amfani da shi, a tsinka shi kamar koko. A mayar da akushin kan inji, a rage gudu sosai, a kewaye da kwali, a ɗiga fentin kusa da gindi; juyawar za ta ja shi waje siri-siri. Tsohon burushin haƙori yana ba da yayyafi. A kan baƙin bagaruwa kuwa, sai a tsoma burushi a ruwan gwal, a goge shi a takarda har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama. Ni dai launi biyu sun ishe ni, uku in an matsa. Masu saye sukan ce, “Malam, a cika shi da dagi har gindi.” Dagi yana da kyau a bangon fadar Zazzau inda yake da fili. A akushi, ɗamara guda mai faɗin yatsa uku a ƙasan baki ta wadatar, sauran a bar itace ya nuna kansa.

Shafin ƙarshe mai kare adon, karon farko fesawa ake yi daga nesa, ba da burushi ba, don burushi yana jan tawada. Bayan feshi biyu sun bushe, a ƙara abin da ake so. Da damina a jira rana ta take, in ba haka ba laima tana sa feshin ya yi fari-fari. Da hunturu kuwa a kifa kwali a kai saboda ƙura.

Cikin akushin da za a zuba tuwo ko fura ba ya ganin tawada ko fenti, balle fentin mai, wanda wani yana ɗauke da dalma. Man kaɗe da aka narka da ɗan kakin zuma kawai nake shafa masa, in goge da tsumma. Wajen wanki a ɗauraye a tsane nan da nan, kada a bar shi ya kwana cikin ruwa.