Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen winci

Makon jiya wani yaro da ya taɓa yi mini karen mota ya shigo garaji da Hilux ɗin da aka ba shi ya tuƙa, an ɗaura mata sabon winci a goshi, wato injin nan mai igiya da ke jawo mota in ta kafe. Bai gama gaishe ni ba ya ce, "Baba, zo ka gani, tan takwas yake ja." Na sunkuya na karanta jikin ƙarfen: 8,000 lb. Shi ne mutum na huɗu a bana da ya faɗa mini irin wannan magana a nan Damagaram, kuma kuskuren nan ne ya taɓa kwanar da ni biyu cikin taɓo. Na gaji da bayani ɗaya bayan ɗaya, gara in rubuta.

Mu a Nijar da kilo muke awo, tun daga buhun hatsi a kasuwar Dole har kayan da ake lodawa zuwa Agadas. Shi kuwa winci, wanda takardun Faransanci ke kira treuil, yawanci da awon Amurka ake rubuta ƙarfinsa, wato laba, ita ce ake rubutawa lb. Laba ɗaya giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Saboda haka 8,000 ɗin yaron nan kilo 3,600 ne da ƴan kai, 9,500 kilo 4,300 ne, 12,000 kuma wajen kilo 5,400. Kallon kitse ake yi wa rogo. Wani mai shagon ma bai san bambancin ba, wani ya sani ya yi shiru.

Lissafin da masu ƙera winci ke bayarwa shi ne ka ɗauki nauyin mota da cikakken lodinta, abin da aka rubuta PTAC a takardar mota, ka ƙara rabinsa a kai. Land Cruiser a-kori-kura mai kilo 3,300 tana neman abin da zai ja kilo 4,950, ke nan 9,500 bai kai ba, sai 12,000. Kuma wa ke tsayawa kan PTAC a hanyar Tanut ko ta Tesker? Durom biyu na gazuwal, jarkokin ruwa, safaya biyu, buhuna, da mutane a bisa kaya. Ni da nauyin ranar tafiya nake lissafi, in na rasa tabbas in haura mataki ɗaya.

Akwai abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali. Lambar nan ta naɗin farko ce, lokacin da igiya ta kusa ƙarewa daga gangar da take naɗewa a kai. Duk hawa ɗaya da igiya ta ƙara a kan ganga ƙarfi raguwa yake, har in ta cika za ka iya rasa kashi ɗaya cikin uku ko fiye. Wanda ya zaro mita biyar ya ɗaure a itacen da ke gaban hancinsa, da mafi raunin wincinsa yake aiki.

Ni a fadamar Korama na koyi wannan, cikin watan Agusta, na ɗauko kaya daga wajen Magarya. Motar ta kafe har cikinta ya zauna kan laka. Ina da winci mai 8,000 da na saya ina ganin tan takwas ne, akwai gawo kusa, na ɗaure, na danna. Ya yi gurnani, motar ba ta motsa ba, ni kuma ban ɗaga yatsa ba, don a raina ƙarfen nan ya ninka nauyin motar sau biyu. Ban ankara ba sai warin ƙonewa. Injin winci ya tafi, batir ya mutu, makulli ko ƙyas. Kwana biyu muka yi a wurin, sai da mutanen ƙauye suka taya mu sauke kaya kaf, aka haƙa, aka shimfiɗa rassa, wata babbar mota ta fizge mu. Buhunan da ruwa ya taɓa daga aljihuna na biya su. Har yau in na ji wani na kirarin tan takwas raina ɓaci yake.

Wannan ya kawo ni kan wuta, kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni haushi don ganganci ne zalla. Mutum zai zuba kuɗi masu yawa a winci, ya bar shi kan tsohon batir da ko da safe sai an tura motar. Winci in ya ɗauki nauyi sosai yana zuƙar amfiya 400 ko sama, altaneta mai cajin batir kuwa abin da take bayarwa bai cika wuce 100 da wani abu ba. Ragowar daga ina za ta fito? Daga batir. In batir ya yi rauni sai injin winci ya yi zafi, in ya yi zafi sai ya ƙone. Ku daina haɗa shi da siraran wayoyin da aka yanko daga mataccen janareta, ku daina murɗa kan waya da filaya kuna naɗe shi da roba. Waya mai kauri wadda ta zo da shi, ta wuta da ta ƙasa duka su tafi kan batir kai tsaye, da makunnin yanke wuta a tsakani. Injin mota ya kasance a kunne, a ɗan taka totur. Ɗabi'ata ita ce in ja kamar rabin minti, in tsaya, in ɗora tafin hannu kan injin winci. In ban iya barin hannuna a kai ba, sai a dafa shayi kafin a ci gaba. Wasu direbobi na cewa na cika tsoro. Tun Korama ban sake ƙona ko ɗaya ba.

Ka tabbatar ko motarka 12 V ce ko 24 V kafin ka biya kuɗi, manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser 24 ne.

Kada mai walda ya manna maka winci a bamban ado. Faranti mai kauri ake yi, a ɗaure shi da ƙusoshi a jikin shasi.

Maganar igiya kuwa, na san za a yi mini musu. Igiyar zare ta zamani ba ta da nauyi, in ta tsinke ba ta zabga bulala kamar ta ƙarfe, wannan gaskiya ne. Amma rairayi na shiga cikin saƙarta yana cin ta daga ciki, rana na gajiyar da ita, zafin ganga ma ba ta son sa, ga shi ƙasarmu rairayi ne da rana. Wanda zai riƙa wanke ta yana rufe ta, ya saya. Ni motar da yara ke tuƙawa ta ƙarfe nake sa mata, da safar hannu ta fata, da tsohon bargo da ake yafa wa igiyar lokacin ja, kowa kuma ya matsa nesa. Kada a zare ta duka, a bar naɗi biyar a ganga. Kada kuma in ga wanda ya rataya ƙugiya a ƙwallon jan tirela, karyewa yake ya tashi kamar harsashi.

Sai waɗanda ke sayen winci tsirara, ba fuli, ba ɗamara mai faɗi ta zagaye itace, ba ƙarfen haɗi mai ƙusa. Fuli ɗin nan dai kamar na bakin rijiyar makiyaya yake, sai dai a nan a jikin itace ake ɗaure shi, igiya ta je ta dawo jikin mota, ƙarfin ja ya kusa ninkawa, gudu ya ragu rabi, kuma ka zare igiya da yawa ka koma naɗin ƙasa mai ƙarfi. Da ina da shi a Korama, ina jin da na kwana gida.

Arewa da Gure, cikin tudun rairayi, matsalar ma ta wurin ɗaurewa ce, sai ka duba gabas da yamma ba itacen kirki. A can shebur da farantan ƙarfe na shimfiɗa wa taya sun riga winci. Rage iskar taya tukuna, ka share gaban ƙafafu. In duk ya ƙi, sai a haƙa rami mai zurfi a ɗaure igiya a jikin safaya a binne ta a tsaye, a fitar wa igiya siririyar hanya, a ja a hankali.

Yaron nan ban ce ya mayar da wincinsa ba, mai motar ya riga ya biya. Na sa ya canza batir, ya sayo fuli da ɗamara, sannan ranar Lahadi muka fita bayan gari ta hanyar Mirya, muka zare igiyar sai naɗi biyar, muka ɗaure a gindin gawo, ya naɗe ta da nauyin motar yana taka birki kaɗan-kaɗan don ta kwanta daidai a ganga. Jibi zai kama hanyar Tesker.