Kafin ka kwance kafireta ko bakazil ɗin tsohuwar MGB, ga abin da za ka fara dubawa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota mai ja da ƙafar baya ya san abu biyu da ake ɗora wa laifi kullum, in inji ya yi tari a ce kafireta, in baya ya yi kuka a ce bakazil, wato gatarin da ke juya ƙafafun baya, ya tafi. Kuma sau da yawa ba su ba ne. Zan ɗauki MGB a matsayin misali, ƴar ƙaramar motar nan ta Ingila da aka ƙera a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, inji mai fistin huɗu lita 1.8, yawancinsu kafireta biyu ƙirar SU. Makanikanmu da suka taso da Fijo 504 sun san jan baya sarai, amma SU ba irin kafiretar Solex ta Fijo ba ce, wanda ya shige ta da ilimin Solex zai sha wahala.

Mu fara da inji. Kar ka taɓa sukurun kafireta ko ɗaya sai ka gama da wuta. Tazarar kwantak ta zama inci 0.015, ta bakin fulogi 0.025, ta bawul 0.015 inji na sanyi, sannan tayimin. Na taɓa ɓata yini biyu ina murɗa kafireta sama da ƙasa, mota na ta fizga tana harbi ta salansa, ashe kwandansa ce ƴar mitsitsiya a cikin distirbuta ta mutu, kunya kamar in nutse.

In wuta ta yi daidai, zare fulogi huɗun ka jera su a kan tsumma yadda suke a inji. Kafiretar gaba ita ke ciyar da na 1 da na 2, ta baya kuma na 3 da na 4, don haka fulogin da kansu za su nuna maka mai laifi. Baƙi ƙirin a bushe, mai ya yi yawa. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan ko iska na satar hanya. Launin ƙasa-ƙasa shi ake nema. In baƙin ya jiƙe da maiƙo to wannan baƙin mai ne, maganar ringi ce ko bawul, kafireta ba ruwanta.

Yanzu cire iyakilina ka leƙa maƙogwaronta. A cikin SU akwai wani fistin da ke hawa da sauka a ƙarƙashin murfin nan mai kama da ƙararrawa, da allura mai tsini a gindinsa da ke shiga ramin jet, iskar da inji ke zuƙa ce ke ɗaga shi. Inji a kashe, sa yatsa ka tura shi sama, ya kamata ka ji yana turjewa, in ka saki ya sauko sumul har ya ce ƙas a ƙasa. In ya tashi fuu ba turjiya, man da ke cikin kan murfin ya ƙare, warware baƙin murfin da ke sama ka ɗiga masa mai mara kauri, lamba 20, ko man inji in babu. Rashin wannan ɗan man kaɗai yana sa mota ta shaƙe duk lokacin da ka taka totur, mutane su yi ta sayen kaya a banza. In kuma fistin ɗin ya maƙale a hanya, datti ne ko allura ta lanƙwashe ko jet ya kauce daga tsakiya. Wanke da fetur da tsumma kawai, don Allah kar ka goga masa sanfefa, in ka cinye jikinsa ya gama aiki.

Sai iskar sata. Tada mota ta yi zafi ta zauna a silo, fesa ɗan maganin wanke kafireta a bakin gaskit da kuma inda sandar totur ta ratsa jikin kafireta. Ƙarar inji ta canza, to nan ne ɓarakar. Tsofaffin SU a wurin sandar nan suke cinyewa, ka kama ta ka girgiza za ka ji tana wasa, kuma muddin tana wasa ba saitin da zai zauna. A yi hankali, a MGB kafireta a saman bakin salansa take, gefe guda suke, kar ka yi feshin kamar mai ban ruwa.

Saboda wannan zaman nasu ne ma ambaliyar fetur ke da haɗari. Buɗe makulli ba tare da ka tada ba, famfon mai zai yi tik tik tik ya lafa. In bai lafa ba kuma ka ji warin fetur, allurar fulot ta maƙale ko fulot ɗin ya sha mai ya nutse. SU ba ta son matsi, abin da bai wuce 2 zuwa 3 a ma'aunin psi ba ya ishe ta, famfon motar zamani in aka ɗaura mata sai ta yi ta amai.

Saitin kansa a ƙarshe yake zuwa. Sassauta sandar da ta haɗa su biyun, ɗauki guntun tiyo ka kara ɗaya bakin a kunne ɗayan a bakin kowace kafireta, daidaita silo har hucinsu ya zo ɗaya, inji na juyi wajen 800 a minti. A SU ƙirar HS4 akwai notin jet a ƙasa, ka ɗaure shi sama har ƙarshe ka dawo zagaye biyu, daga nan ake farawa, ƙasa ƙarin mai, sama ragi. Akwai ɗan fil a gefe da ke ɗaga fistin, ɗaga shi kamar milimita ɗaya. Inji ya hau ya tsaya a sama, mai ya yi yawa. Ya nemi mutuwa, ya yi kaɗan. Ya ɗan hau ya dawo, bar shi haka.

To baya kuma, kunne ne kayan aikinka. Nemi titi mai santsi da ba cunkoso. Kukan da ke fitowa in ka taka totur ya ɗauke in ka saki, ko akasin haka, wannan na cikin ƙwaryar bakazil ne, boris ɗin finiyo, ƙaramin giyan da ke shigo da juyi, ko haƙoran kuranwil, babban giyan da yake juyawa. Gurnanin da bai damu da totur ba amma yana ƙaruwa in ka karkata sitiyari dama ya ragu a hagu, boris ɗin ƙafa ne. Wanda ke canzawa da canjin kwalta, taya ce. Karkarwa a gudu, duba farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa bakazil. Ƙwas ƙwas mai bin juyin taya, haƙori ya ɓalle, ƙara a kwana kawai kuma ƙananan giyoyin ciki.

Ƙarar da ta fi yawa ita ce gau ɗin nan lokacin ɗaukar kuloci ko sakin totur. Ɗaga motar ka sa mata ƙafafun ƙarfe, ban da shiga ƙarƙashi a kan jek kaɗai. Ja hambirki, giya a firi, kama farfela ka murɗa gaba da baya kana kallon kuros ɗinta, in ka ga wasa ko jan ƙura kamar tsatsa a bakinsa, shi ne. Duba notunan da suka riƙe bakazil da sifirin. In motar mai ƙafar waya ce irin ta keke, haƙoran cibiyar da ƙafar ke zama a kai su ma suna cinyewa su yi wannan ƙara sak. Sai duk waɗannan sun fita sannan ka zargi ciki, kuma ko a cikin, a bakazil ƙirar Salisbury, wanda ke kan MGB na baya-baya, yawanci ƴan siraran zobba ne na bayan ƙananan giyoyi suka siɗe, ana canza su ta murfin baya ba a sauke bakazil ba.

Mai kuwa, fara buɗe ramin zubawa kafin na juyewa, kar ka juye ka tarar na saman ya ƙi kwancuwa. Mai ya kai leɓen ramin, man giya lamba 90. Tare tsohon a farin kwano ka duba a rana, ɗan ƙyalli mai laushi ba komai, ɓarɓashin da yatsa ke ji kuwa matsala ce. In mai na tsiyaya cikin birki, duba ɗan hancin numfashin da ke saman bakazil tukuna, ƙura na toshe shi, zafi ya tura mai ta sil. In kuma sil ɗin finiyo za ka canza a Salisbury, yi wa noti alama da fenti ka ƙirga zagayen da ka warware, ka mayar da shi daidai wurin, don akwai wani zobe a ciki da ke matsewa sau ɗaya, ka zarce da ɗauri boris zai soma kuka kafin mako ya zagayo.