Yadda ake shuka radish bayan girbi don gyara ƙasar gona

Duk wanda ya taɓa sa fartanya a jar ƙasar nan ta wajajen Zariya bayan an cire masara ya san abin da nake nufi, ƙasa ta daskare kamar daɓen siminti, musamman inda tarakta take bi duk shekara. A Amurka manoma suna maganin wannan da radish, irin dogon nan fari mai kama da ƙaton karas, wanda Japanawa ke ce wa daikon. Ba don ci suke shuka shi ba, don saiwarsa ta huda ƙasa ne, ta ruɓe a ciki ta bar ramuka da iska da ruwa za su bi.

Toh amma su can sanyi da ƙanƙara ne ke kashe musu shi, mu hunturunmu bai kai nan ba, kuma ruwanmu yana ɗaukewa ne a Oktoba. Don haka kar ka kai shi gonar tudu, asarar iri ce kawai. Nemi wurin da kake da ban ruwa, kamar fadamun bakin Galma ko Kubanni, ka ware fegin da ya gaji kake son ya huta.

Da farko ka share ciyawa, amma kar ka ƙone karan, bar shi kwance a saman ƙasa. Ka jiƙa fegin sosai, sannan ka ja layi da sanda, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, santimita 1 zuwa 2. Irin ƙanana ne, in ka binne shi da zurfi shikenan ba za ka gan shi ba. Hekta ɗaya na cin kamar kilo 8 zuwa 10, ka ga ƙaramin fegi ɗan kaɗan ya ishe shi. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, domin yana son sanyi, cikin kwana 3 zuwa 5 zai fara leƙowa.

Daga nan sai ban ruwa da tsaro. Maganar tsaro ba wasa ba ce wallahi, da rani ganye kore shar a fili ai gayyata ce ga awakin unguwa da shanu, in babu shinge gara kar ka fara. Wani abu kuma, radish ba ya ƙera sinadarin naitirojin kamar yadda wake da gyaɗa ke yi, ragowar takin da masara ta bari yake zuƙowa daga ƙasa ya adana a jikinsa, shi ya sa ni na fi son a gauraya shi da ɗan wake.

Bayan sati 8 zuwa 10, kafin ya yi fure, ɗauki adda ka sare shi daidai wuyan saiwar, ka ɗauke masa ruwa na 'yan kwanaki kar ya sake tohowa. Kar ka tuge, duk amfanin yana cikin wannan saiwar da ka bari. Idan ya fara ruɓewa zai yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, sai ka ba maƙwabta haƙuri tun da wuri.

Bayan sati biyu ko uku ka shuka masarar rani ko kuɓewa, kar ka daɗe takin ya zurare. Kabeji ne dai ban da shi a wannan fegin, dangi ɗaya suke da radish, ƙwarinsu da cutarsu duk ɗaya ne.